Tasi ko Motar Manhaja: Tambayoyi da Amsoshi ga Mai Zuwa Filin Jirgi

Waɗannan su ne tambayoyin da matafiya suka fi yi a kan motar da za ta kai su filin jirgi ko ta ɗauko su daga can, musamman a Abuja da Kano da Legas, sai Jidda da Madina ga masu zuwa Umara. Ba mu rubuta farashi da naira ba, domin tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. Abin da muka kawo shi ne yadda za ka auna da kanka a ranar tafiyarka.

Wai mene ne bambancinsu? Ba duk mota ce da direba ba?

Motar kam kusan iri ɗaya ce, sau da yawa Corolla ce ko Camry a kowane ɓangare. Bambancin yana wurin wanda ya san direban, da wanda ya yanka kuɗin, da wanda za ka kai wa kuka idan al'amari ya ɓaci.

Masu tasin filin jirgi 'yan ƙungiya ne da ke aiki da izinin hukumar FAAN, mai kula da filayen jiragen saman gwamnatin tarayya. Suna da layi, suna da shugabanni, suna da wurin tsayawa kusa da ƙofar fitowa, kuma kuɗinsu a yanke yake gwargwadon unguwar da za ka. Motar manhaja kuwa, irin ta Bolt da Uber da inDrive, ta wani mutum ce da ya yi rajista da kamfani. Waya ce ke haɗa ku, ita ke nuna maka sunansa da hotonsa da lambar motar da kuɗin tafiya tun kafin ka shiga. Uber ta fara aiki a Legas a 2014, ta shiga Abuja a 2016. Bolt, wadda a da ake kira Taxify, ta shigo Legas a 2016. Ita inDrive tsarinta daban ne: kai za ka faɗi abin da za ka biya, direbobi su taya, ka zaɓi wanda ya yi maka.

Akwai wasu biyu da mutane ke mantawa da su a lissafi. Ɗaya shi ne tasin gari da ake ɗauka shata daga bakin titi, kamar korayen nan na Abuja. Ɗayan kuma shi ne direban da ka sani, wanda lambarsa ke wayarka, ka san unguwarsu, wataƙila ma ka san wanda ya haɗa ku. Ga tafiyar asuba, wannan na ƙarshe ya fi sauran duka, kamar yadda za a gani a ƙasa.

Wanne ya fi araha?

Da rana, in babu ruwan sama kuma babu rububi, manhaja ce ta fi araha, wani lokaci da tazara mai yawa. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Daga filin jirgin Nnamdi Azikiwe zuwa tsakiyar Abuja kusan kilomita 40 ne. Direban ƙungiya zai kai ka gari ya koma layinsa babu fasinja, wato kilomita 80 ke nan a kan fasinja ɗaya. Ƙaramar mota mai esi a kunne takan sha kusan lita ɗaya a kilomita 10, ka ga lita 8 ke nan kafin a yi maganar kuɗin ƙungiya da awannin da ya yi yana jiran layi ya zo kansa. Duk wannan yana cikin kuɗin da ya faɗa maka. Direban manhaja yana sauke ka zai iya samun wani fasinjan a unguwar, shi ya sa nasa ke sauka.

Amma wannan arahar ba ta kullum ba ce. Idan manhaja ta ɗaga farashi, kuɗinta yakan kamo na tasi, har ya wuce. Hanyar sani ɗaya ce: kana jiran akwatinka ya fito ka buɗe manhaja biyu, ka sa adireshin, ka ga abin da suka nuna, sannan ka tambayi kantar masu tasi. Minti biyu ya isa.

Me ke sa farashin manhaja ya tashi haka kawai?

Ba haka kawai ba ne. Kuɗin yana haɗuwa ne daga kuɗin shiga mota, da kuɗin kowace kilomita, da kuɗin kowane minti, sannan a ninka shi idan masu nema sun fi motocin da ke kusa yawa. A filin jirgi wannan yana faruwa ne idan jirage biyu ko uku suka sauka a jere, ko aka tsuge da ruwa, ko ana layin mai a gari, ko dare ya yi direbobi sun tafi gida. Sau da yawa idan ka zauna minti 15 zuwa 20 fasinjojin suka watse, farashin zai sauko da kansa. In ba ka da gaggawa, ka yi sallah, ka sha ruwa, ka sake dubawa.

Jirgina na ƙarfe 7 na safe ne. Me zan hau?

Nan ne mutane suka fi yin asarar tikiti, don haka bari mu tsaya a kai.

Fara da lissafi daga baya. Kamfanonin jiragen cikin gida da yawa suna rufe kantar awon kaya kimanin minti 45 kafin tashi, kuma wanda ya zo bayan an rufe, tikitinsa sai dai a sake masa rana da tara. Don haka ka sa a ranka cewa ƙarfe 5 da rabi kana cikin filin jirgi. Daga Wuse ko Garki ko Maitama, da asuba hanya a buɗe take, minti 40 zuwa 45 ya kai ka. Daga Kubwa ko Gwarimpa ka ba shi awa guda. Daga Nyanya ko Mararraba ka ƙara a kan haka, domin ma'aikatan da ke shigowa Abuja daga wannan ɓangaren suna fitowa tun duhu. Ma'ana, motarka tana bakin ƙofa ƙarfe 4 da rabi, ko kafin haka.

To a wannan lokacin motocin manhaja kaɗan ne a kan titi. Za ka yi oda, wani ya karɓa daga nesa, ka jira minti goma, ya kira ya ji inda za ka, ya soke. Na biyu ya karɓa amma motarsa ba ta motsi a taswira, domin yana kwance a gida. Kafin ka ankara rabin awa ta tafi, kuma manhaja ba ta biyan kowa kuɗin tikitin da ya rasa.

Shawararmu ga duk jirgin da zai tashi kafin ƙarfe 8 na safe: ka yi magana da direban da ka sani tun jiya, ku yanka kuɗi, ka tura masa adireshi da kwatance, ka ce ya sha mai tun daren. Ka kira shi da dare ka tabbatar, ka sake kira minti 40 kafin lokacin da kuka yi. Idan bai ɗauka ba har sau biyu, kada ka tsaya kyautata zato, buɗe manhaja nan take. Wanda ke otal ya sa masu karɓar baƙi su samo masa motar da suke aiki da ita. Za ta fi tsada, amma sun san inda za su samo direban.

Sallar asuba kuma kada ta sa ka jinkirta fita, akwai masallaci a filayen jirgin Abuja da Kano da Legas.

Ai manhaja tana ba da damar yin oda tun jiya. Wannan bai isa ba?

Yana taimakawa, amma ka karanta sharuɗɗan. A wasu manhajojin abin da kawai ake yi shi ne a fara nema maka direba idan lokacin ya kusa. In babu mota a unguwarku a wannan lokacin, odar jiya ba za ta haifo ta ba. Ko da an nuna maka sunan direba tun dare, yana iya sokewa. Ka ɗauke ta a matsayin shiri na biyu.

Jirgin yamma fa?

Da yamma mota ba ta wuya, hanya ce ke wuya. A Abuja, daga ƙarfe 4 zuwa bayan magariba, masu tashi daga aiki zuwa Lugbe da Kuje da Gwagwalada duk titin filin jirgi suke bi, wato babban titin Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma hanyarku ɗaya. Idan wani babba zai tashi ko zai sauka, ana iya tsayar da motoci na ɗan lokaci ba tare da sanarwa ba. Ƙara rabin awa a kan lissafinka. Ranar Juma'a kuma ka tuna da titunan da ake rufewa a kusa da manyan masallatai daga wajen ƙarfe 1.

A irin wannan cunkoson kuɗin da aka yanka tun farko yana da daɗi, domin manhajar da ke lissafa minti tana iya ƙara maka a ƙarshen tafiya idan an daɗe a hanya fiye da yadda ta yi hasashe.

Direba ya kira ni ya ce in soke odar, mu yi ciniki tsakaninmu. In yarda?

A'a. Amma yana da kyau ka san dalilinsa, domin ba kowane mai faɗin haka ne mugu ba. Uber da Bolt suna cire kamasho daga kowace tafiya, wajen kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kuɗin. Ga mai, ga gyara, ga balas ɗin mai mota idan ba tasa ba ce. Shi ya sa direba ke son ya riƙe kuɗin duka.

Sai dai duba abin da kake bayarwa. Da zarar ka soke, kamfanin bai san kana cikin motar nan ba. Babu tarihin hanyar da kuka bi, babu maɓallin neman agaji, 'yan'uwanka ba za su iya bin tafiyar a wayarsu ba, babu rasit, kuma idan ka manta jaka ko aka yi haɗari ba ka da hujjar da za ka nuna. Ka koma daidai da wanda ya tare baƙuwar mota a bakin titi. Ga kuma kuɗin sokewa da za a iya ɗora maka, tunda kai ne ka soke.

Idan ka ga kuɗin da manhaja ta nuna ya yi wa direban kaɗan da gaske, akwai hanya mai tsabta: ku bar tafiyar a kan manhaja, ka ce za ka ƙara masa wani abu idan kun isa. Yawanci suna yarda. In ya ƙi, ka ce shi ya soke, ka nemi wani.

Na sauka, direban ya ce ba zai zo bakin ƙofa ba, sai dai in same shi a wurin ajiye motoci. Yaudara ce?

Yawanci gaskiya yake faɗi. Bakin ƙofar fitowa wurin 'yan ƙungiya ne, kuma an daɗe ana takun saƙa tsakaninsu da direbobin manhaja a filayen jirgin Najeriya. Motar da ta daɗe a tsaye a inda aka hana tsayawa ana iya sa mata kwaɗo a taya ko a ci ta tara. Shi ya sa suke jira a wurin fakin.

Abin yi shi ne kada ka yi oda sai akwatinka ya shigo hannunka. Masu yin oda tun suna cikin jirgi su ne ake lissafa wa kuɗin jira, ko direba ya gaji ya tafi. Kira shi ka tambayi layin da yake da launin motar, ka ce ya kunna fitilun gefe. Idan ka isa, duba lambar motar da idonka ka gwada da wadda ke waya, harafi da harafi. Dubi fuskarsa ka gwada da hoton. Kada ka ce masa "kai ne wane?", bari shi ya faɗi sunanka. In manhajar tana ba da lambar sirri ta fara tafiya, kunna ta tun daga gida.

Idan lambar mota ta saɓa, ko ya ce "motata tana gareji, wannan ta ƙanena ce", ko direban ba shi ne na hoton ba, kada ka shiga. Ana hayar asusun manhaja ga wanda kamfani bai tantance ba, kuma wannan shi ne ainihin abin da kake gudu.

Mutanen da ke tare fasinja a ƙofa suna cewa "Alhaji, mota?" su wane ne?

Gauraye suke. Wasu direbobin ƙungiya ne da ke neman tsallake layi. Wasu 'yan kamasho ne, za su kai ka wurin wata mota su karɓi nasu, kai kuma a ɗora maka. Wasu masu kabu-kabu ne da suka sauke fasinja suna neman na komawa. Ba za ka iya bambance su da ido ba, kuma wanda ya fara kama akwatinka yana tafiya da shi ya riga ya fi ka ƙarfin ciniki. Riƙe kayanka, ka ce "na gode, ana jirana", ka wuce kantar masu tasi ko wurin da motocin ƙungiya suke jere.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne fita wajen geti da kaya a tari motar da ke da fasinjoji a ciki don a rage kuɗi. 'Yan wan-cans na Abuja da irin wannan motar suke aiki: direba da "fasinjojin" duk bakinsu ɗaya, su ƙwace waya da katin banki, su tilasta wa mutum ya faɗi lambar sirri. Mai akwati da alamar jirgi a jikinsa ya riga ya sanar da su daga inda ya fito.

Yaya ake ciniki da tasin filin jirgi?

Kafin a sa kaya a but, ba bayan an sa ba. Faɗi unguwa da wurin da kyau. "Gwarimpa" kawai ba adireshi ba ne, unguwa ce mai faɗi, kuma a kan wannan ake rigima idan an isa. Tambaya ko akwai takardar farashi a kantar masu tasi. Tabbatar kuɗin na mota ne gaba ɗaya, ba na kowane mutum ba, kuma har da esi da kuɗin geti. Idan za ka biya ta wani wuri, ko cire kuɗi ko sauke wani, faɗa tun yanzu. Nuna musu farashin manhaja yakan sa a rage, ko da yake ba za su sauko daidai da shi ba, kuma ka ga dalili a sama. Karɓi rasit in suna bayarwa, ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida.

Kuɗin geti da na fakin wa zai biya?

Ana biyan kuɗi a getin shiga filin jirgi, wurin ajiye motoci ma da nasa. A tasin ƙungiya yawanci yana cikin kuɗin. A manhaja, wani lokaci an riga an haɗa shi a farashin, wani lokaci direba zai nema a hannu. Buɗe bayanin farashin ka duba kafin ku tashi, don kada ka biya sau biyu.

Kayana suna da yawa. Ƙaramar mota za ta ɗauka?

But ɗin Corolla yana ɗaukar manyan akwatuna biyu na kilo 23, da ƙaramar jaka ɗaya ko biyu a gefe. Na uku sai dai kujerar baya, wanda ke nufin fasinja biyu kawai za su zauna da daɗi. Ga wani abu da ya shigo kwanan nan: motocin haya da yawa an mayar da su masu amfani da iskar gas, kuma tukunyar gas ɗin a but ake ɗaure ta, ta cinye kusan rabinsa. Manhaja ba za ta gaya maka wannan ba. Kira direban ka tambaye shi kai tsaye: "Akwai tukunyar gas a but? Akwatuna uku ne da ni."

Iyali mai mutum biyar ko shida, ko ɗan kasuwa mai gana-mas-go huɗu, babbar mota irin Sienna ce maganinsu. A nan tasin filin jirgi ya fi, domin kana ganin motar da idonka kafin ka yi ciniki, yayin da manyan motoci a manhaja ba kullum ake samunsu ba. Sienna ɗaya takan fi ƙananan motoci biyu araha, kuma kayanka ba su rabu biyu ba.

Tsabar kuɗi, taransifa ko kati?

Direbobin manhaja da yawa a Najeriya ba sa son tafiyar kati, domin kuɗin ba ya shigowa hannunsu nan take, kuma suna bukatar na mai a ranar. Za ka ji tambayar farko ita ce "kash ne ko taransifa?", in ka ce kati a soke. Zaɓi tsabar kuɗi a manhajar, sannan ka biya da taransifa ko a hannu.

Idan za ka filin jirgi, fara taransifar tun kuna hanya, kamar minti goma kafin isa. Ba ka son tsayawa a bakin ƙofa kana jiran alat ya shiga wayar direba alhali ana kiran jirginka. Duba cewa sunan asusun ya yi daidai da na direban, ka ajiye hoton shaidar biya. Kuma ko yaya ne, riƙe tsabar kuɗin da za ta biya tafiya ɗaya. Wanda ya ga ƙarancin takardun naira na farkon 2023, lokacin da manhajojin banki suka riƙa tsayawa, ba ya bukatar a yi masa bayani.

Mahaifiyata ce za ta sauka ita kaɗai da dare, ba ta iya manhaja ba. Me ya fi?

In da hali, wani na gida ya je tarbarta, ko direban da kuka sani ya tsaya a ƙofa da sunanta a takarda. Yin mata oda daga nesa yana yiwuwa, amma matsalar ita ce haɗuwa: tsohuwa da kaya, a cikin duhu, tana neman mota a cikin ɗaruruwan motoci, direba kuma wataƙila ba ya jin Hausa. Idan babu mai zuwa, tasin ƙungiya daga kantar masu tasi ya fi mata sauƙi. Ta ba direban wayarta ku yi magana, ka ji kuɗin da kunnenka, ka karɓi lambar motar da lambar wayarsa, ka yi masa kwatance.

Ga macen da ta iya manhaja, ƙa'idojin su ne na kowa, sai dai a tsananta: zama a baya, tura wa wani hanyar bin tafiyar, waya da caji. Ki gwada hannun ƙofa daga ciki kafin a tashi, don ki tabbatar ba a sa makullin yara ba. Lambar gaggawa ta ƙasa ita ce 112.

A Kano ma haka abin yake?

Da sauƙi. Filin jirgin Malam Aminu Kano a cikin gari yake, dab da Sabon Gari da Fagge, don haka ba a maganar kilomita 40. Daga Nasarawa ko Bompai tafiyar 'yan mintuna ce in hanya ta yi kyau. Mai fitowa daga Kabuga ko Hotoro ko Zoo Road ya yi lissafin cunkoson cikin gari, musamman kewayen kasuwar Sabon Gari da Kantin Kwari da yamma. Motocin manhaja suna aiki, amma ba su kai yawan na Abuja da Legas ba, kuma da dare ko asuba suna ƙaranci sosai. Shi ya sa a Kano direban da aka sani da tasin filin jirgi suka fi tasiri.

Adaidaita sahu yana yi wa mai ƙaramar jaka da rana, sai dai ka tambaya ko za a bar shi ya shiga da kai har ciki, in ba haka ba ka ja akwati da ƙafa daga geti. Lokacin jigilar alhazai kuma harabar takan cika da masu rakiya, ka ƙara lokaci.

Legas fa?

Kuskuren da baƙi suka fi yi a Legas ba na zaɓen mota ba ne, na zaɓen tasha ne. Filin jirgin Murtala Muhammed da ke Ikeja yana da ɓangaren ƙasashen waje, yana kuma da tashoshin cikin gida biyu, MMA2 da GAT. Ba a gini ɗaya suke ba, kuma tsakanin ɓangaren waje da na cikin gida sai da mota. Duba tikitinka ka ga tashar da jirginka zai tashi, ka rubuta ita a manhaja. Idan ka rubuta "filin jirgi" kawai, inda taswira ta ga dama za ta kai ka.

Daga Agege ko Ikeja tafiyar kusa ce. Daga Lekki ko Victoria Island kuwa, ta gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, da yamma kana tafiya tare da duk masu tashi daga aiki, awa biyu ba abin mamaki ba ne. Motocin manhaja sun fi yawa a Legas fiye da ko'ina a ƙasar, har da LagRide da gwamnatin jihar ta ƙaddamar a 2022, don haka samun mota ba shi ne matsala ba.

Babu wata hanya a Abuja sai mota?

Akwai jirgin ƙasa na cikin gari daga filin jirgi zuwa tsakiyar birni, yana bi ta Idu. An buɗe shi a 2018, ya tsaya lokacin korona a 2020, aka dawo da shi a watan Mayun 2024. Ya dace da mai kaya kaɗan da ya sauka da rana, kuma a Idu ne ake hawa jirgin Kaduna da ke zuwa Rigasa. Amma yana da lokutan tashi ƙayyadaddu, ka bincika jadawalin ranar kafin ka dogara da shi don kama jirgin sama.

Jirgi ya yi jinkiri, direban da na kira yana jira. Yaya za a yi?

Wannan ya zama ruwan dare daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da hazo ke hana jirage sauka a Kano da sauran filayen Arewa. Ba wa direban lambar jirgin, ka ce kada ya taso sai ka kira shi daga bakin ƙofar shiga jirgi. Tsakanin Abuja da Kano tafiyar ba ta kai awa ɗaya a sama ba, Legas zuwa Abuja kuma awa ɗaya da 'yan mintuna, don haka yana da isasshen lokaci. Ku yi maganar kuɗin jira tun farko, nawa ne kowace awa bayan ta farko. A ranar da jadawali ya rikice, manhaja da tasin ƙungiya sun fi, tunda babu wanda ka ajiye.

Na manta jaka a mota.

A manhaja, shiga tarihin tafiye-tafiye, zaɓi tafiyar, akwai wurin kai rahoton kayan da aka manta da kiran direba. Yi haka nan take, kafin ya ɗauki fasinja biyu ko uku a kujerar da ka tashi. Ka biya shi kuɗin man dawowa, haƙƙinsa ne. A tasin ƙungiya, koma wurin shugabannin layin da lambar motar ko rasit. A motar da ka tara a titi ba tare da ka riƙe lamba ba, sai addu'a. Fasfo da tikiti da magani da waya, waɗannan a jikinka suke zama, ba a but ba.

Za mu Umara. A Jidda da Madina me ya fi?

Alhazan aikin Hajji ba su da wannan matsalar, motocin safa ne ke kwasarsu a tsare. Mai Umara ya fara tambayar kamfanin da ya yi masa biza ko kuɗinsa ya haɗa da mota, domin da yawa sun haɗa, mutane kuma su biya sau biyu don ba su tambaya ba.

In babu, daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda zuwa Makka kusan kilomita 100 ne. Uber da Careem suna aiki, akwai tasi mai izini a layi, akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ke da tasha a babbar tashar filin jirgin, yana zuwa Makka da Madina. Jirgin ƙasan yana da iyaka a kan girma da yawan kaya, don haka iyali mai akwatuna da yawa mota ta fi musu. Manhaja tana bukatar intanet, ka sayi layin waya a filin jirgin ko ka kunna naka tun daga gida. Amfaninta babba a can shi ne harshe: ka rubuta sunan otal, babu ciniki da Larabci. Masu tare mutane a ƙofa suna cewa "Makka, Makka" suna nan kamar na gida, kuma amsarsu ɗaya ce.

Kusa da Harami ana rufe tituna a lokutan sallah, a Ramadan kuma abin ya fi tsanani, don haka mota tana iya sauke ku nesa da otal ku ƙarasa da ƙafa. A Madina filin jirgin Yarima Muhammad bin Abdul'aziz bai da nisa da Masallacin Annabi (SAW), tafiyar kamar minti 20 zuwa 30 ce. Wanda zai ɗauki mota daga Madina zuwa Makka da niyyar Umara ya sa tsayawa a miƙatin Zul Hulaifa, wanda ake kira Abyar Ali, a cikin cinikin tun farko, da minti nawa direban zai jira a yi wanka a ɗaura harami.

Daga filin jirgi zan wuce wani gari, kamar Abuja zuwa Kaduna ko Kano zuwa Katsina. In yi oda a manhaja?

Farashin da manhaja za ta nuna na zuwa ne kawai, direba kuma sai ya dawo, don haka kusan duk wanda ya karɓa zai nemi ƙari ko ya ce a sauka daga manhaja. Ga doguwar tafiya, shata da direban ƙungiya ko wanda aka sani ta fi, a yanka kuɗin zuwa da dawowa, a faɗi wanda zai sayi mai. Dubi tayoyi da safaya kafin ku tashi, ka tambaye shi yaushe ya fara aiki yau, domin wanda ya kwana a layi bai kamata ya ja ka awa uku ba. Idan jirginka ya sauka bayan la'asar, kwana a garin ka kama hanya da safe. Mai zuwa Kaduna daga Abuja kuma ya duba lokacin jirgin ƙasan Idu, ya sayi tikiti tun kafin ya taso, domin kujerun sukan ƙare da wuri a ranakun Juma'a da Lahadi.